Daminar da Na Yi wa Daidoyar Innarku Feshi

Ni ne na yi laifi. Na fara da wannan ne don kada wani a cikinku ya karanta rabi ya ajiye, ya tashi bai san inda na dosa ba. A shekarar da Innarku ta bar gida ta tafi garinsu Gafasa ta yi wata huɗu, ba taurin kai ne ya kai ta ba, ba kuma a kan ciyawa ta tafi ba kamar yadda kuka taso kuna ji. Ni na kore ta, ba da baki ba, da abin da na aikata. Ranar addu'ar bakwai ɗinta ina zaune a zaure, na jiyo ta bayan katanga wata daga cikin danginmu tana ba mata labari suna dariya, wai Kulu, Allah ya ji ƙanta, mutuniyar kirki ce, sai dai zuciya, mace ce da ta taɓa yin yaji a kan ganyen miya. Ke Sa'a kina wurin, na ji muryarki kina cewa ai Inna akwai zuciya. Ban ga laifinki ba, abin da aka ba ki shi kika riƙe. Amma tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. Yayana Sale, wanda ya san gaskiyar maganar, ya ce in bar abin da ƙasa ta rufe, tsufa ya kama mu duka, me zan samu in na tona kaina a gaban 'ya'yana? Na ce masa na ji. Ga shi kuma ina rubutawa, in ya so ya daina gaishe ni, ba yau ya fara ba. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba. In kun ga rubutun ya karkace ku gyara, amma kada wanda ya gyara mini magana.

Ku manya za ku iya tuna bayan ɗakinta a gidanmu na Balan, inda ruwan wanke-wanke yake bin rariya ya ɗan kwanta kafin ya fita waje. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ta kewaye shi da dangar kara saboda awaki. Duk abin da ke ciki sunansa ɗaya ne a wurina a lokacin, ciyawa. Shekara goma sha biyar ina cin miyar da ke fitowa daga wurin, ina lashe hannu, baƙi suna yaba tuwon gidana ina fankama kamar ni na tuƙa, amma ban taɓa durƙusawa na tambayi sunan ganye ɗaya ba. Ni manomi ne, gero yana kwana uku da tsirowa ina bambance shi da ƙyasuwa daga bakin gona. Abin da mace ta shuka a bakin rariya kuwa ban ɗauke shi a bakin shuka ba. A kusurwar wurin akwai wani tushen daidoya da ya kai ƙugun mutum. Mahaifiyar Kulu ce ta kawo shi daga Gafasa a cikin fasasshiyar tukunya, lokacin da ta zo zaman jegon ɗan'uwanku Bashir, ta dasa da hannunta don a riƙa sa wa 'yarta a farfesu. Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ranta. Wannan ma na sani, ba zan ce muku ban sani ba. Kullum da safe ina ganin Innarku tana tsinke kan daidoyar da farce, ina ɗauka aikin banza ne na mata.

Shekarar ce maganin feshi ya shigo mana sosai. Kafin nan fartanya ce da gayya. Na sayar da awaki biyu na je kasuwar Gaya na sayo injin feshi, irin wanda ake goyawa a baya, da galan ɗin magani. Mai shagon ya ja mini kunne ya ce wannan maganin ba ya nuna aikinsa nan take, jijiya yake bi, sai ganye ya yi kwana biyar ko shida yana kore shar kamar ba a taɓa shi ba, sannan ya mutu har saiwa. Ya ce in nesanta shi da abinci da yara. Na ce to, hankalina yana kan injin. Ku yafe mini in na ce a wannan daminar ban san akwai wanda ya kai ni a Balan ba. In zan tafi gona sai in bar gajeriyar hanya in bi ta gaban masallaci, don 'yan majalisa su gan ni da shi a baya. Wata rana Yaya Sale ya shigo duba wani rago da na ɗaure, ya leƙa ta kan dangar nan, ya yi tsaki.

"Haruna, kai da kake da inji guda, amma bayan ɗakin matarka kamar kurmi? Wata rana maciji zai sari yaro a nan, ka ce ban faɗa maka ba."

Ban taɓa ganin maciji a wurin ba, shi ma bai taɓa gani ba. Amma maganar ta zauna mini. Bayan kwana kaɗan Kulu ta tafi Gafasa suna, matar wanta Malam Buba ce ta haihu. Na dawo daga gona da ragowar magani a tanki, na ce a raina asara ce a zubar. Na ɗage ƙyauren dangar na shiga, na bi wurin kaf, har kusurwar da daidoyar take. Ban yi minti biyar ba. Na fito ina jin na yi gyaran gida.

In da a nan abin ya tsaya, da labarin da kuka ji yana da ɗan kama da gaskiya. Washegari da la'asar ta dawo, da tsarabar nono da man shanu. Ta gaishe ni, ta sauke kaya, ta ce wanta ya ba ta kaza, bari ta yi mana farfesu. Ina zaune a gindin darbejiya ina tufka igiya, fuskata tana kallon dangar. Ku huɗu kuna tsakar gida kuna murnar kaza. Ta ɗauki faifai ta shiga. Ganyen nan yana nan kore shar, kamar yadda mai shago ya faɗa. Na gan ta ta sunkuya ta fara tsinka. Na gan ta da idona. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna in na faɗa za ta tambaye ni wa ya sa ni, maƙwabta za su ji, a ce matar Haruna tana yi masa faɗa a kan ciyawa. Na rufe bakin. Na ce a raina ai za ta wanke, ai wuta za ta kashe ƙarfinsa, ai ɗan kaɗan ne. Na ci gaba da tufkar igiyata, ita kuma faifai yana cika. Abin da ya tsare ku ranar, bayan ikon Allah, wata ɗabi'a ce tata da na sha yi mata ba'a a kanta: ba ta taɓa sa ganye a tukunya sai ta murza shi a tsakanin yatsu ta kai hanci. Ta murza, ta shinshina, ta tsaya. Ta tsinko wani ta sake. Sannan ta dubi ƙasa, ga sawun takalmina na roba a cikin taɓo. Ta fito da faifan ta tsaya a kaina, ta yi ƙasa da murya don kada ku ji.

"Malam, me aka zuba wa ganyen nan?"

"Wane ganye?"

"Tun yaushe kake zaune a nan?"

"Tun kafin ki shiga."

"Kana ganina ina tsinka?"

Na ci gaba da tufka.

"Da ban shinshina ba fa, Malam? Da ka bari na zuba?"

Maimakon in amsa, sai na ɗaga murya. Na ce gidana ne, ba wanda zan nemi izininsa kafin in kashe ciyawa a gidana, in tana son lambu ta koma gidan ubanta ta yi. Wannan ɗin ne kuka ji, shi ne ya tsallaka katanga maƙwabta suka ji. Ita kuwa ta juya. Ta haƙa rami ta binne ganyen da faifan duka, ta wanke hannu da toka da sabulu har sau uku, ta dafa muku kazar da albasa da gishiri kawai. Da safe ta sassaro ƙaya ta toshe ƙofar dangar, ta ce da ku kowa ya shiga wurin sai ta yanke masa ƙafa. Ta goya autarmu, ta riƙe hannun mai bi mata, ta same ni a zaure.

"Ba zan gaya wa kowa abin da na gani ba," in ji ta, "don 'ya'yana ne za su tashi da kunyarsa. Amma ba zan ƙara ɗora tukunya a gidan da za a gan ni da guba a hannu a yi shiru ba."

Ta tafi. Ni kuma da yamma na je majalisa na ba da labari yadda ya yi mini daɗi. Na ce na yi feshin ciyawa a bayan ɗaki, mace ta yi yaji. Aka yi ta dariya har wani yana riƙe ciki. Kun ga ke nan, wannan labarin da ake ba ku, ba dangi ne suka ƙirƙira shi ba. Daga bakina ya fita. Yaya Sale ya ce kada in kuskura in je biko, in na je na sayar da girmana, ta gaji don kanta ta dawo. Aka riƙa kawo mana tuwo daga gidansa. A kwana na shida ganyen ya fara rawaya. Na'ana'ar ce ta fara kwanciya, sauran suka bi. Daidoyar ta fi kowa daɗewa, ta zubar da ganye ɗaya bayan ɗaya har ta zama tsinke. Kullum in na zo alwala sai na gan ta ta kan danga, sai in juya baya.

Mutane suna cewa kewar miya ce ta kai ni Gafasa. Ƙarya ne, tuwon gidan Yaya Sale ba shi da aibu. Wata biyu da tafiyarta na yi feshi a gonar dawa ranar da ake iska, ban rufe hanci ba, tankin kuma yana yoyo a bayana. Kafin in iso gida kaina kamar ana sara shi da gatari. Kwana biyu ina amai, idona yana ruwa, bayana ya saɓule. Mai kemis ɗin da aka ɗauko ya yi mini allura ya tambayi abin da na taɓa, na faɗa masa. Ya ce, ka gode wa Allah ta fata ya shige ka, kai babba ke nan, ina ga a ce cikin yaro ya shiga. Shi magana kawai ya yi ya ɗauki jakarsa. Ni kuwa ina kwance ina ganin faifan nan yana cika, ina ganin ku huɗu a tsakar gida kuna jiran kaza. Ban san ko ganyen zai kashe ku ba ko ciwon ciki kawai zai sa ku, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar ma ban sani ba, kuma na yi shiru.

Da na warke na sayi atamfa da sabulu da goro, na hau keke ban gaya wa kowa ba. A hanya na ga wani ganye ya yi dandazo a bakin burtali, kamarsa ɗaya da wanda na kashe. Na ce to, Allah ya kawo sauƙi. Na tumɓuko dami guda da saiwarsa na ɗaure a bayan keke, ina ganin dabara ta ƙare a kaina. Dangin Innarku Fulani ne da suka zauna suka kama noma, 'yan shanunsu kaɗan a bayan gari. Malam Buba ya karɓe ni da mutunci, amma Kulu ta aiko cewa tana gaishe ni, ba za ta fito ba. Wadda ta fito ita ce kakarta ta wajen uwa, Kaka Dije, tsohuwa ƙanƙanuwa da sanda, idonta ya fara hazo amma hancinta da bakinta ba abin da ya taɓa su. Ita kaɗai ce a gidan take da ikon faɗa mini abin da ta ga dama, saboda wasan jika da kaka. Na durƙusa na gaishe ta, na tura mata damin gabanta. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza, ta kai hanci, ta yar.

"Kai Bahaushe, biko ka zo ko korar sauro?"

"Daidoya ce, Kaka. Na kawo a maye wadda ta mutu."

"Daidoyar daji ce, ko akuya ba ta kula ta. Hayaƙi muke yi da ita da damina. Shekara nawa kana cin miyar jikata?"

"Goma sha biyar."

"Ashe duk cikinka ne yake ci, kanka bai samu komai ba. Tashi ka riƙe mini hannu."

Ta ja ni bayan ɗakinta, inda nata wurin yake, ya ninka na Kulu biyu. Ta ce tunda na kashe abin da ban san sunansa ba, ba za ta kira mini kowa ba sai ranar da ta aike ni cikin wurin nan na tsinko mata abin da ta ce ban yi kuskure ba. Na so in yi fushi. Ni da gemuna, magidanci, a sa ni tsinkar ganyen miya matan gida suna leƙe ta bayan zana suna ƙunshe dariya. Amma na cire hula na sa a aljihu na durƙusa. Ta ce ido yana ruɗin mutum, yatsa da hanci su ne ba sa ƙarya. Ta sa na shafa karan daidoyar gida, na ji shi da kusurwa huɗu, ganyen mai faɗi da baki kamar zarto, in ka murza ƙamshinsa yana tafiya wajen kanumfari. Ta dajin da na kawo ita ma kusurwa huɗu gare ta, shi ya ruɗe ni, amma gashi ne a jikinta, tana danƙo a hannu, warinta yana hawa kai. Ta nuna mini na'ana'a tana rarrafe a inda ya fi laima, ta ce wannan ta shayi ce da ciwon ciki, in ba ka tare ta ba sai ta cinye wurin kowa. Ta nuna mini wani tushe da na rantse ciyawa ce zalla, irin wadda nake nomewa a gona, ta ce in karya ganyen. Na karya, sai ƙamshin lemon tsami ya bugi hancina, ta ce ita ce ciyawar shayi. Karkashi kuwa ta sa na tofa masa yawu na murza, ya yi yauƙi a yatsana. Gasaya mai ganye kamar yatsu biyar, ita sai an tafasa an zubar da ruwan fari saboda ɗaci, sannan a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli.

A zuwana na biyu ta aike ni tafasa, na kawo mata rai-ɗore. Ta kwaɗa mini sanda a ƙafa.

"Tafasa bakin ganyenta a dunƙule yake kamar kunnen ɓera. Wannan mai tsini ne kamar mashi, ga wari. In ka ba jikokina wannan a kwaɗo, kwana za su yi suna zarya bayan gida. Koma."

A nan ne na san dalilin tsinke kan daidoya da Innarku take yi kullum da safe. In aka bar ta ta yi fure, ƙarfinta ya tafi ga iri, ganyen ya tsufa ya yi ɗaci, in ana tsinke kan kuwa sai ta yi ta rassa. Na koyi cewa da safe ake tsinka bayan raɓa ta ɗauke, a inuwa ake shanya ta ba a rana ba, kuma ba a sa ta a miya sai ana gab da sauke tukunya, in ba haka ba ƙamshin ya bi tururi. Duk wannan ilimi yana bayan ɗakin matata shekara goma sha biyar, ni ina wucewa da inji a baya ina ganin ni ne mai sani. Labari kuwa ya riga ni isa Balan. In na wuce majalisa sai in ji an ce ga Malam Na'ana'a nan, ko a ce yau wane darasi tsohuwa ta biya maka. Wani ya ce mini mijin-ta-ce a gaban jama'a. A lokacin abin yana ƙona ni. Yanzu kuwa ina gaya muku, a cikin masu dariyar nan babu wanda ya san bambancin tafasa da rai-ɗore, kuma duk cikinsu da abin da matansu suka tsinko suke rayuwa. Sunan ya bi ni har yau, kun sha ji, wataƙila kun ji kunya. Ni ban ji ba. Shi ne suna mafi tsabta da na samu a shekarar.

A zuwa na uku na tsinko duk abin da ta ce, guda shida, ban kuskure ko ɗaya ba. Kaka Dije ta cire mini ɗan tushen daidoya daga jikin uwar wadda na kashe, ta sa a gwangwani da ƙasarsa, ta ƙwala wa Kulu kira. Ta fito. Wata uku rabona da ganinta, ta rame. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, ta dubi faifan da ke hannuna.

"Ya iya, Kaka. Allah ya ƙara basira."

Ta juya ta koma ɗaki. Tsohuwar ta daɗe tana fuskantar ƙofar, sannan ta juyo gare ni, wasan ya bar fuskarta.

"Jikata ba mahaukaciya ba ce. Na ɗauka shukar uwarta take wa kuka, ashe ba ita ba ce. Haruna, me ka yi mata?"

Ko a nan ban faɗa ba. Na ce ban sani ba, na ɗaure gwangwanin a keke na dawo gida.

Da aka fara yankan gero Yaya Sale ya ce abin ya isa haka, an mai da gidanmu abin dariya. Ya ce zai raka ni, ko ta biyo mu ranar ko in ba ta takardarta kowa ya huta. Na bi shi, don har lokacin ban iya ce masa a'a ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gidan Malam Buba. Kaka Dije tana kan kujerarta, Kulu tana zaune a bakin ƙofa ta lulluɓe kanta. Yaya Sale ya iya magana, ya jero haƙurin da muka yi, ya ce namiji ya tako sau uku a kan ciyawa, har an sa shi aikin mata ya yi, me kuma ake nema? Ya ce in akwai wani laifin bayan wannan ta faɗa yanzu kowa ya ji. Kulu ta ƙara jan lulluɓinta. Malam Buba, mutum mai kunya, gumi ya keto masa. Ya juya ga ƙanwarsa ya ce ta ba su kunya, ba haka uwarsu ta tarbiyyantar da su ba, ko ta tashi ta haɗa kayanta ko ta nemi wani gidan ba nasa ba. Ina kallonta. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ta bar ni a cikin taɓo. Ba ta faɗa ba. Hawaye yana ɗiga a kan hannunta, bakinta a rufe. Ga ni kuma a karo na biyu zaune a kan tabarma, ina kallon abu yana shirin cin ta, ina da maganar da za ta tsayar da shi.

Ranar na yi magana, amma abin da ya biyo bayanta bari in gaya muku shi tun yanzu, don ba shi nake so ya zama ƙarshen maganata ba. Yaya Sale ya ja mini riga sau biyu ina magana, da na ƙi yin shiru ya tashi ya hau kekensa ya bar ni, bai ƙara yi mini magana ba sai da babbar sallah. Malam Buba bai iya haɗa ido da ni ba shekara guda. Kaka Dije ba ta sake yi mini wasa ba har ta rasu, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Innarku ba ta biyo ni ranar ba, sai da ta ƙara sati biyu, ta dawo don kanta, da sharaɗin ba zan gaya muku ba muddin tana da rai. Na cika mata wannan. Ta zaɓi a riƙa kiranta mai zuciya har ta mutu, don kada ku raina ubanku. Yanzu ba ta nan, ni kuma ban yarda a ci gaba da biyan girmana da sunanta ba. In kun raina ni bayan kun karanta wannan, hakkinku ne. Amma duk wanda ya sake cewa a gabanku uwarku ta yi yaji a kan ganyen miya, ko waye shi, ko da furfura har gira, ku ce masa ubanku ya ce ƙarya ne, kuma shi ya fara yin ta.

Ga abin da na yi ranar a gidan Malam Buba. Na tashi daga kan tabarmar maza, na taka har bakin ƙofar da take zaune, na durƙusa a ƙasa a gabanta, abin da ban taɓa ganin wani namiji a gidanmu ya yi ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Buba, ka daina yi mata faɗa, asirina take rufewa. Kulu, na zuba wa ganyenki guba ban gaya miki ba. Na zauna ina kallonki kina tsinka za ki dafa wa 'ya'yanmu, na san abin da ke jikinsa, na yi shiru don kada a ce mace ta yi mini faɗa. Kika tambaye ni na yi miki tsawa. Na je majalisa na mai da ke abin dariya, na bar ki wata huɗu kina ɗauke da laifina. Ba Yaya Sale ne ya sa ni ba, ba shaiɗan ba ne, ni ne. Ban zo in ce ki dawo ba, in kin ƙi ba ki yi laifi ba. Na cuce ki, na cuci 'ya'yanki. Don girman Allah, Kulu, ki yafe mini."